Leƙa cikin kankare ba tare da an fasa shi ba

Aikin da muka yi shi ne duba bim ɗin gada, wato dogon kankaren da ke ɗauke da nauyinta, mai igiyoyin ƙarfe a cikin bututu, mu ga ko kunun simintin da aka ɗura ya cika bututun. Inda bai cika ba, nan ruwa ke kwanciya, igiya ta yi tsatsa, daga waje kuwa lafiya lau.

Da hasken eksire muka fara. Ƙaramar linak, wato na'urar da ke fitar da hasken, mai ƙarfin keV 950 (keV ma'aunin ƙarfin hasken ne), tana ratsa kankare har kusan santimita 40. Wanda ya fi haka kauri sai mai MeV 3.95, wato keV 3,950. Na'ura a wannan ɓari, allon ɗaukar hoto a wancan, don haka a fara tabbatar da wurin kafa allo kafin a kawo kaya. Muna bi da rada, na'urar da ke gano ƙarfe cikin kankare, mu zana layin bututun da alli, mu manna 'yan lambobin dalma a fuskar kankaren. Hoto ɗaya ba ya faɗin zurfi. Sai a ɗauka, a gusar da na'ura gefe da tazarar da aka auna, a sake ɗauka. Daga yadda inuwar igiya ta matsa ake lissafa zurfinta.

Abin da ya fi ɓata mana hoto shi ne hasken da ke warwatsewa cikin kankaren, ya iso allo kamar hazo. Ƙara lokaci ba ya maganinsa. A matse hasken da mazurarin dalma, a sa faifan dalma bayan allo, allon kuma ya manne da kankare. In rodi ya tare bututun, a karkata na'ura.

Eksire ƙarfe da rami yake nunawa, danshi kam da kyar. Nan niyutron, wato ƙwayar zarra marar caji da ake harbawa cikin kankaren, ya fi shi, domin haidurojin na ruwa yana rage masa gudu ya maido shi, har ana iya aunawa ta ɓari ɗaya. Kulorin na gishiri kuma in ya haɗiye niyutron yakan fitar da wani haske da ake kira gama, na MeV 1.95 da 6.11, wanda da shi ake gane yawan gishirin da ke cikin kankaren. A Japan an daɗe ana ɗaukar kilo 1.2 na kulorin a mita kubik na kankare a matsayin inda rodi ke fara tsatsa.

Sai dai simintin kansa yana ɗauke da haidurojin. Dole a auna lafiyayyen wuri tukuna don kwatance, kuma ba bayan ruwan sama ba. Wajen kare mutane kuwa, dalma ba ta tare niyutron. Robar foliyetilin mai boron ake jerawa. Ko an kashe na'ura, a sa mita a auna ko akwai sauran haske mai cutarwa kafin kowa ya matso.