Ranar da Sadiƙu ya koma SadiÆ™u

A 2021 na fara aiki a wani shagon buga takardu da ke Jekadafari cikin garin Gombe. Katin shaidar ɗalibai muke yi wa islamiyyoyi da makarantun kuɗi, sai katin biki da kalanda idan shekara ta zo ƙarshe. Na zo da laftof ɗina mai Ubuntu, wani nau'in Linux da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, ina ji da kaina, don a makaranta duk wanda ya iya buɗe baƙin allo ya rubuta umarni, kallon gwani ake masa. Kwamfutar shagon kuwa tsohuwa ce mai Windows 7, wadda Microsoft ta janye hannu daga kanta tun Janairun 2020. Alhaji mai shago ya ce kada wanda ya taɓa ta, da ita kaɗai firintar katin take shiri.

A mako na biyu wata islamiyya ta kawo sunayen ɗalibai sama da ɗari uku da hotunansu a filas. Malamar da ke shigar da sunaye ta saba bin su ɗaya bayan ɗaya, aikin kwana uku ke nan. Na ce ta bar min. Da daddare na rubuta ɗan jerin umarni da zai haɗa kowane suna da hotonsa ya fitar da jadawali. A laftof ɗina ko minti ɗaya bai ci ba.

Da safe Malama ta buɗe jadawalin a Excel, ta yi shiru, sannan ta juyo min da allon.

"Injiniya, wannan wane ɗalibi ne?"

SadiÆ™u. A ƙasansa ÆŠanjuma. Duk sunan da ke da ƙ ko ɗ ko ɓ ya rikiɗe. Tun daga ranar sunan Injiniya ya bi ni, kuma ba don yabo ba.

Na kwashe yini kafin na gano bakin zaren. A tsarin UTF-8 da Ubuntu ke rubutu da shi, harafin ƙ gurbi biyu yake ci. Excel ɗin shagon bai san da wane tsari aka rubuta fayil ɗin ba, sai ya karanta shi da tsohon tsarin Windows na harsunan Yammacin Turai, inda kowane gurbi harafi ne mai zaman kansa: na farko Æ, na biyu ™. Maganin ɗan ƙarami ne har ya ba ni haushi: wata alama mai gurbi uku da ba a ganin ta, a sa ta a farkon fayil, Excel ya gane. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne Bature mai suna da haruffan a zuwa z ba zai taɓa cin karo da wannan ba. Mu masu haruffa masu lanƙwasa mu ne kan gaba wajen shan wahalar, shi ya sa da yawa suka haƙura suke rubuta Sadiku kawai. Ni ban yarda da wannan haƙurin ba. Yaro ya ga sunansa daidai a katinsa.

Ban gama murna ba wata ta taso. Ranar da ban zo ba, ɗan Alhaji ya so canja sunan folda a cikin umarnin. Ya buɗe a Notepad ya ga komai ya jeru a layi ɗaya kamar jirgin ƙasa, sai ya koma WordPad ya gyara ya adana. Da na dawo da fayil ɗin zuwa Ubuntu, ya ƙi tashi, yana nuna min ^M a ƙarshen layin farko. Windows alama biyu take sawa a ƙarshen layi, gadon injinan buga saƙo na da, ɗaya ta mayar da kan injin farko, ɗaya ta tura takarda gaba. Linux da macOS alama ɗaya suke sawa. Sai a 2018 Notepad ya koyi karanta irin ta Linux, a Windows 10, mu kuwa muna 7. Umarnin dos2unix, mai mayar da alamar Windows irin ta Linux, ya share min hawaye.

Sauran ƙanana ne: Ubuntu ta ce 014.JPG da 014.jpg ba abu ɗaya ba ne, Windows ta ce duk kanwar ja ce. Sandar da ke raba sunayen folda ma kowa da inda tasa ta karkata, tun 1983 da MS-DOS 2.0, magabaciyar Windows, ta ɗauki mai komawa baya saboda an riga an ba ɗayar wani aiki.

Wani abokina ya ce in sa WSL in huta, wato Linux a cikin Windows. Shawara ce mai kyau ga mai Windows 10. Sai na sake rubuta komai da Python, harshen rubuta manhaja da Windows da Linux duk suke ji, nan ma na tarar 3.8 ce ta ƙarshe da ke hawa Windows 7. Wannan karon ban rubuta a gida ba. A kujerar Malama na zauna bayan la'asar, gaban tsohuwar kwamfutar, ina rubuta ls don ganin abin da ke cikin folda tana ƙi, sai in tuna dir take ji. Kafin in taɓa jerin gaske, na ƙirƙiri ɗalibai biyar na gwaji masu sunaye cike da ƙ da ɗ da ɓ, ɗaya hotonsa da manyan baƙaƙe, ɗaya sunan foldarsa da tazara a tsakiya.

Da zangon karatu ya zagayo, ina Kumo wajen ɗaurin aure aka kawo sabon jeri. Malama ta kira ni, na ji ƙarar janareta a bayanta.

"Injiniya, na buɗe baƙin allon naka. Me zan rubuta?"

Na karanta mata harafi-harafi, ta danna. Can ta ce Sadiƙu ya fito da ƙugiyarsa, amma tawadar firinta ta ƙare, in biyo da ita idan zan dawo.