Kwance farantin nan kafin ka taɓa man fon

Samari masu riƙe da Hilux ɗin iyayen gida, da ku yaran garaj da aka fara sakar wa kile, ku zo mu yi maganar man fon, wato akwatin haƙoran da ke raba juyi ga tayoyi, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Kowa ya san bidanjin inji, wato canjin mansa, amma fon sai ya fara kuka a hanyar Mora zuwa Kousseri sannan a tuna akwai mai a cikinsa. Kuma yawancin motocin da ke shiga daji a nan an ɗaura musu farantin ƙarfe a ƙasa saboda dutse da kututture. Farantin yana aikinsa kam, amma shi ne ke sa mutum ƙyuya.

Fon na baya ba ruwansa da faranti, a fili yake, kile 24 ka gama. Rigimar tana gaba. Fon yana da bushon biyu, wato murfi mai zare, na sama na zuba mai da na ƙasa na tsiyayewa. A Hilux Vigo bushon ɗin fon na gaba ramin alan ne (rami mai kusurwa shida) mai lamba 10, kuma faranti ya tsare hanya. Ni da wayona na ce wa zai tsaya kwance wannan uban ƙarfe, na zura hannu ta gefe, kilen ya shiga a karkace ga laka ta cika ramin, ina dannawa ya murje bakin bushon ɗin tas. Abin da ya ƙara dagula lamarin, na riga na buɗe na ƙasa mai ya tsiyaye. Toh ga mota ba mai a fon, ga ƙofar zubawa ta ƙi buɗuwa, sai da mai walda ya zo ya liƙa noti a kai sannan ya fita. Don Allah ƙannena, na sama ake fara kwancewa. In ya ƙi, ka bar na ƙasa a rufe, motarka na tafiya da tsohon mai har ka samu mafita. Kuma ka sa ƙusa ka ƙwaƙule ramin alan ɗin, ka ɗan buga kilen da guduma ya zauna har gindi kafin ka ja.

Wajen sauke farantin ma a yi hankali, mai kaurin nan in ya faɗo maka a ƙirji za ka gane kurenka. Tara shi da jak, ka sassauta bulon duka kafin ka cire ko ɗaya. In ya sauko kar ka jefar gefe, duba cikinsa tukuna. Yashi da mai sukan haɗu su yi danƙo a wurin, mota na yoyo ta sil (robar da ke tare mai) wata da watanni amma ko ɗigo ba za ka gani a ƙasa ba tunda farantin na tarewa. Haka na yi ta yabon motata wai ba ta zubar da komai, ashe man fon na gaba ya kusa ƙarewa.

Ka yi aikin bayan ka ɗan zaga da mota, mai ya yi ɗumi ya fi saurin fita, kuma a wuri shimfiɗaɗɗe. In mota ta karkata awonka ƙarya ne. Bushon na ƙasa yana da maganaɗisu, baƙin gari mai laushi a jikinsa ba komai ba ne, goge kawai. In ka ji ɓarɓashin ƙarfe yana sukar yatsa, wannan kam kira babban makanike.

Sai launin man. Mu da damina ke sa mu ratsa mayo (rafi) daga Yuli zuwa Satumba, wannan ya fi shafa. Fon ya yi zafi a tafiya, ka afka ruwa, iskar ciki ta tsuke, sai ya zuƙo ruwa ta ɗan bututun numfashin da ke samansa ko ta sil. Man sai ya koma kamar shayi da madara. In ka ga haka ba zancen jiran kilomita, canza kawai, ko jiya ka zuba. Ka taɓa hular bututun nan ma ka ji tana motsi, in laka ta toshe ta zafi zai tura mai waje ta sil.

Mai kuma GL-5 ake sa wa fon, irin su 80W-90, amma duba littafin motarka, in fon ɗin baya LSD ne (mai rage zamewar taya ɗaya) yana da nasa man daban. Ka sayi galan a rufe. Na awo a kwalbar ruwa bakin titi, wallahi ko kyauta ne ban so, ba ka san me aka gauraya ba. Na gaba a Vigo bai kai lita 2 ba, na baya ya haura 2. Da sirinji ko ɗan famfo za ka tura har ya fara dawowa ta bakin ramin, shi ke nan ya cika. Sa sabon washa, na jiya ya riga ya mutse. Ɗauri kuma ba kokawa ba ne, masu ƙara bututu a kan kile su ne ke jawo wa mai kwancewa nan gaba wahala.

Kar ka yi saurin mayar da farantin. Goge wurin ya bushe, zaga unguwa, dawo ka leƙa ko akwai danshi. Wajen ɗaurawa kuma, farantin da ya sha dutse ya lanƙwashe ramukansa ba sa haɗuwa daidai, don haka kama kowane bulon da hannu zare biyu uku sannan ka bi su da kile. Tsohon man ka juye a galan ka kai garaj, kar a malala shi a kwata ko cikin mayo inda dabbobi ke sha.