Safar da na koya wa magana

'Yan aji ɗaya nake koyarwa a firamare, kuma duk wadda ta taɓa tsayawa gaban yara arba'in ta san wuyar riƙe hankalinsu ko na minti biyar. Da hutun ƙarshen zango na ɗauki tsohuwar safa fara, na ninke kwali na cusa ya zama baki, na ɗinka maɓallai biyu a matsayin idanu, na sa mata suna Kande. Ban ji kunyar kayan aikina ba, don na san Jim Henson, Ba'amurken nan mai wasan 'yan tsana a talabijin, shi ma a 1955 da tsohuwar kwat ɗin mahaifiyarsa ya ɗinka Kermit, sanannen ɗan tsanansa, idanun kuwa ƙwallon tebur ce ya raba biyu.

Na jingina waya, na tsuguna bayan teburin da na lulluɓe da zane, na ɗaga hannu. Da na kalli abin da na ɗauka, raina bai yi daɗi ba. Kande sai wage baki take yi, kanta na ta jifa baya, idanunta na kallon rufin ɗaki. Sai da na yi kwanaki kafin hannuna ya gane cewa babban yatsa ne ke sauka, sauran huɗun su tsaya cik, kuma baki sau ɗaya yake buɗewa ga kowace gaɓa. Wuyan hannu kuma dole a karya shi ƙasa, idan ana so ta dubi mutum ido cikin ido. Henson yana aiki ne yana kallon ƙaramin allon talabijin don ya ga abin da masu kallo ke gani. Ni madubi na ajiye a ƙasa. Kafaɗa kam ta sha wuya.

Duk da haka, ranar da na kai ta aji, dariyar ba ta wuce minti biyu ba. Suka koma surutunsu.

Abin ya dame ni sosai, har na shiga YouTube ina bin tsofaffin shirye-shiryen yara na Amurka, na zamanin hoto baƙi da fari. A nan na ci karo da Kukla, Fran and Ollie, wanda aka fara a Chicago a 1947. Burr Tillstrom ne a ɓoye, shi ke motsa 'yan tsanan, shi ke yi musu murya, har da Ollie, dodon nan mai haƙori ɗaya. A gaban ɗan dandalin kuma ga Fran Allison a tsaye, wadda ita ma ta taɓa koyarwa a makaranta. Ba rubutaccen wasa suke bi ba, hira kawai suke yi. Na daina kallon 'yan tsanan, na koma kallon fuskarta. Idan Ollie na magana, saurarensa take yi tsakani da Allah, ta jira ya gama, ta yi mamaki, ta lallashe shi. A fuskarta mai kallo ke ganin cewa ƙyallen nan yana da rai. Ni kuwa na bar Kande ita kaɗai, ba mai amsa mata.

Washegari na roƙi malamar aji biyu ta tsaya kusa da teburin. Na ce mata, "Malama, don Allah kada ki dube ni, Kande za ki duba, kuma kada ki yi saurin gyara mata."

Kande ta fara ƙirga: ɗaya, biyu, huɗu. Malama ta yi shiru, ta ɗan karkata kai tana dubanta. Shirun nan ya fi komai yi mini wuya, ina bayan zane gumi na keto mini. Sai ajin ya ɗauka gaba ɗaya: "Uku! Uku!" Kande ta sunkuyar da kai, ta ce a yi mata haƙuri, ta sake daga farko, yara na taya ta har goma.

Da aka tashi tara, wata yarinya da ba ta cika magana ba ta tsaya har kowa ya fita. Safar na kan tebur a kwance, ba hannu a ciki. Ta matso, ta kai bakinta wajen da kunne zai kasance, ta ce a hankali, "Kande, gobe kar ki manta uku."