Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Sitikun da ke Cikin Adaka

A makon jiya na tsaya a inda Baba ya miƙa ni hannun Kawu a unguwar Jahun da ke garin Bauchi, bayan an ba mu jihar Bauchi a 1976 kuma aiki ya dawo da shi gida daga Maiduguri. Wasunku sun matsa in shiga zancen aure. Ku yi haƙuri, akwai abin da ya tokare min ƙirji, sai na sauke shi tukuna.

Rediyon Kawu mai rigar fata ce, an ɗaura wa eriyarta waya har saman darbejiya. Da asuba Landan, da yamma Jamus, tsakani kuwa Kaduna a kan mita 49, inda 'yan zaɓi sonka ke gaishe-gaishe. Ni ne mai shanya batir a rana, ni ne mai murɗa gajeren zango har murya ta fito daga cikin shuuu. Ranar da na ce masa mutanen nan suna amsa wasiƙar kowa, sai ya ce, "Ɗan nan, murya iska ce. Gani ya kori ji."

Maganar nan ce ta kai ni gidan waya. Kuɗin tarana na tara na sayi kan sarki, na rubuta wa Muryar Jamus, wadda a lokacin take birnin Kolon. Damina ta wuce kafin ambulan ta iso ta akwatin ofishin su Kawu, ɗauke da jadawalin shirye-shirye da sitika. Kawu ya juya ta gaba da baya, ya shinshina, ya ce, "To, yanzu na gani." Wallahi har yau babu yabon da ya kai min wannan.

Daga nan ban tsaya ba. BBC, wadda ta fara Hausa ranar 13 ga Maris 1957 da muryar Aminu Abdullahi Malumfashi, na haddace adireshinta na Bush House kamar karatun allo. Jamus da Sin duk a 1963 suka fara Hausa, kuma mutanen Sin ba su da rowa, har kalanda suke haɗowa. Muryar Amurka a kunnena aka haife ta, a 1979, shi ya sa nake ji da sitikarta daban. Na samu ta Mosko, na samu ta Alƙahira. A bayan kowace ina rubuta shekarar da tashar ta fara Hausa da mitar da nake kama ta. Kuma ban taɓa ɓare ko ɗaya ba. Duk mai tara sitika ya sani, da zarar ka cire takardar bayanta ka manna, ka kashe ta.

Lokacin da BBC ta bar Bush House a 2012 na kwana ina juyi, domin ambulan mai wannan adireshi ita ce shaidata, ga shi ba ta hannuna. Abin da ya raba ni da ita ke nan zan faɗa.

Ina makarantar kwana Yaya Babba ya sayi Vespa ana shirin bikinsa. Ya fasa kwaɗon adakata. Da na dawo hutu na tarar da Landan a goshin babur, Jamus a gefe, Amurka a kan madubin amarya, sauran yara sun manne su a ƙofar zaure rana tana cinsu. Ambulan ɗin kuwa Goggo ta hura wuta da su. Na yi kuka, aka ce takarda ce kawai. Kawu yana Azare a lokacin, da yana nan da ba a yi ba. Da ya dawo ya dubi babur ɗin ya ce da Yaya, "Kai ka ga ado, shi ya ga duniya." Bai ƙara ba, kuma Yaya bai ba ni haƙuri ba, har yau ɗin nan da muke da jikoki.

Abin da ya fi ci min rai, a taron suna na bara na ji shi yana gaya wa yara wai shi ya koya min sauraron rediyo. Shi da ko Kaduna bai iya kamowa! Na yi shiru saboda zumunci, amma a nan zan rubuta: gani ya kori ji, kuma duk Jahun sun ga abin da ke manne a Vespar nan.

Na sake tarawa daga baya. Ina da ta Faransa, da suka fara Hausa a 2007 daga Legas, da ta Globe FM ta nan gida, da wadda wani aboki ya kawo min daga Gombe bayan an raba mu a 1996. Amma ta Mosko ba ta sake samuwa ba, don tashar ma ta daina Hausa, babu wanda zan rubuta wa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo yadda muka kafa ƙungiyar masu sauraro a shagon tela na bakin kasuwar Wunti, da rigimar da ta tashi a kan kujerar sakatare.