Turancin da aikin POS ya koya min

Aikin POS ne ya tilasta min koyon Turancin kwamfuta da na tsaro. Lokacin canjin kuɗi a farkon 2023, da tsabar naira ta yi ɓatan dabo kowa ya koma tiransifa, duk wanda ya zo shago sai ya miƙo waya ya ce malam ɗan karanta min wannan, to ni dai na yi sakandare amma Turancin banki wani abu ne daban, debit, credit, pending, reversal, kowanne da inda ya dosa, kuma in ka fassara wa mutum ba daidai ba rigima ce za ta tashi a gaban tebur ɗinka, don wanda aka ce masa pending zai rantse an cinye masa kuɗi alhali kuɗin suna hanya.

Daga baya na shiga wani ɗan kwas na tsaron intanet a waya. Sun ba mu jerin kalmomi mu haddace, su malware, firewall, encryption, ransomware. Na haddace su tsaf kamar karatun allo, kwana biyu suka gudu. Ba su zauna ba sai da na riƙa liƙa wa kowacce labarinta. Ransomware ta shiga kaina ne ranar da na karanta abin da wata irinta mai suna WannaCry ta yi a watan Mayun 2017, ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150 har da asibitocin gwamnati a Ingila, tana neman a biya dala 300 da Bitcoin kafin a buɗe. Garkuwa da mutane ce dai, sai dai fayil aka kama. Phishing kuwa ba sai na je Ingila ba, ga ta nan a gurup ɗin WhatsApp ɗinmu, wani ya kira ka ya ce za a yi mitin, an turo maka lambobi 6 karanto min, kana karantawa akawun ɗinka na WhatsApp ya tafi, ya fara bin abokanka yana roƙon rance da sunanka.

Abin da na lura da shi, kuma shi ya fi min amfani a wurin aiki, 'yan damfara ba sa amfani da manyan kalmomin da ake koyarwa a kwas. Kalmominsu 'yan kaɗan ne kuma kullum su ne, urgent, suspended, verify, update, sai su haɗa da BVN ko NIN. Tun da aka fito da BVN a 2014, aka kuma ce a haɗa layi da NIN a Disambar 2020, mutanenmu suna jin waɗannan haruffa gabansu zai faɗi, ga Turanci ga barazanar rufe asusu, sai mutum ya miƙa fin ɗinsa da lambar OTP, wato lambar amfani sau ɗaya da banki ke turowa a waya, da hannunsa. Banki ba ya tambayar fin ta waya, ko kaɗan. Wallahi da ni ne mai koyarwa da waɗannan zan fara, firewall ta jira.

Sai ɓangaren laifi, nan ma akwai aiki. Mu da Hausa sata ce ko fashi ko zamba, kuma 419 ma lambar sashe ce a kundin dokar laifuka kafin ta zama sunan mutane. Amma fom ɗin ƙorafi na banki yana so ka bambance, an ƙwace wayar ne, ko an cire kuɗi ba da saninka ba, ko kai ka tura da kanka bayan an yaudare ka, kowanne hanyar bincikensa daban. Haka labaran EFCC, arraigned gurfanarwa ce kawai, convicted ne kotu ta kama mutum da laifi, amma a Facebook ɗinmu ana ganin hoton mutum riƙe da allo shi ke nan an yanke masa hukunci, a yi ta yaɗawa.

Yanzu ina da ɗan littafi a aljihun tebur, ba na rubuta kalma ita kaɗai, jimlar da na gan ta a ciki nake kwafewa gaba ɗaya har da sunan wanda ya turo, ko banki ne ko ɗan damfara.