Wasiƙa daga Luwiziyana: kafin a ɗaura wa jirgin Baba babban inji

Assalamu alaikum jama'ar Daura da kewaye, musamman masuntan dam ɗin Sabke da na Daberam. Ina gaida iyayenmu da sarakunan ruwa, da fatan an ga damina lafiya.

Saƙon murya ne ƙanena ya turo mini ta WhatsApp makon jiya, shi ya sa ni wannan rubutu. Minti huɗu ya kwashe yana gaisuwa, sai a na biyar ya fito da maganar: "Yaya, an samu inji ɗan Kwatano mai doki 40, mai shi kuɗi yake nema ido rufe. In ka cika mini sai in ɗaura wa jirgin Baba." Doki a nan ma'aunin ƙarfin inji ne. Jirgin Baba kuwa na san shi kamar yunwar cikina, a cikinsa na koyi riƙe filafili. Na ce masa ya dakata tukuna. Tun daga ranar "to Yaya" kawai ya rubuto, na kuma san fassarar wannan "to" ɗin. Tunda ba shi kaɗai ke da irin wannan buri ba, bari in faɗa a fili irin wautar da na tafka da hannuna.

Walda nake yi a wani gareji kusa da Batan Ruj, babban birnin jihar Luwiziyana a kudancin Amurka. Ƙasar ruwa ce, Kogin Misisipi ya ratsa ta, ga fadamar Acafalaya wadda sai ka wuni kana tafiya cikinta ba ka ga tudu ba. Daga Nuwamba zuwa Janairu mutanen nan ba su da zance sai farautar agwagwar ruwa. Akwai ma wata 'yar uwar kirinjijiyarmu, fitonsu kusan ɗaya, ranar da na fara jin ta sai da gida ya faɗo mini a rai. Ba a shiga haka nan: sai da lasisi, da wani kan sarki na gwamnatin tarayya na dala 25, kuma tun 1991 aka hana harbin tsuntsun ruwa da harsashin dalma. Wani dattijo maƙwabcina ne ya koya mini, har ya saba da jin bisimillata kafin in ɗana kunama.

Da abin ya shiga jinina sai na sayi jirgi na hannu, na alminiyom, mai shafaffen ƙasa kamar faranti, tsawonsa ƙafa 14. Ya zo da ɗan tsohon inji mai doki 10 wanda nake ɗauka da hannu ɗaya. Yana kai ni yana dawo da ni, amma ganin samari suna wuce ni kamar ina tsaye ya hana ni sukuni. Rannan na ga tallar inji mai doki 25, irin wanda ba a gauraya masa fetur da baƙin mai, a farashin da bai kai rabin na sabo ba. Mai shi ya ce ai ba shi da wani nauyi. Da na kai gareji na ɗora a sikeli, kilo 70 da ɗoriya. Araha dai ba ta ado.

A ƙasar nan, duk jirgi mai inji da bai kai ƙafa 20 ba, doka ta ce kamfani ya manna masa ɗan allo da ke faɗin iyakar mutanen da zai ɗauka, da nauyin kaya, da ƙarfin inji. Tun farkon shekarun 1970 ake haka. Lissafin ma ba ɓoyayye ba ne. Ga jirgi irin nawa, sai a ninka tsawonsa da faɗin allon bayansa a ƙafa: 14 sau 4 ya ba da 56, a raba biyu, a cire 15, saura 13, sai a cike shi zuwa 15. Ɗan allon da kamfani ya manna wa jirgina doki 15 ya ce. Na karanta da idona, na ce ai masu kamfani tsoron kotu ne ya sa suke ragewa. Dattijon nan ya zagaya jirgin sau biyu, ya danna bayansa da ƙafa, ya ce shi dai karensa ba zai hau ba. Ni da ma ba son hawa da kare nake ba, sai na ɗauka gaba ta kai ni.

Wata asubar Disamba, sanyi kamar tsakiyar hunturu a Kwangwalam, na fita ni kaɗai. Ga inji a baya, ga tankin mai cike, ga batir, ga ni kaina zaune ina riƙe da hannun inji, duka a wuri guda. Tun a bakin gaɓa na ga tsakanin ruwa da leɓen allon baya bai fi faɗin tafin hannu ba. Da na murɗa, goshin jirgi ya ɗaga sama har ba na ganin gabana, sannan ya kwanta ya sheƙa. Ba zan ɓoye muku ba, daɗin ya kai daɗi. Ina cikin wannan sai fitilar goshina ta haska wani kututture a gaba, na saki mai gaba ɗaya. Jirgi ya tsaya cak, amma igiyar ruwan da na taso da ita ba ta tsaya ba. Ta biyo ni, ta haura allon baya, ta zubo mini a cinya. Kafin in juya ta biyu ta shigo. Ban ji ƙara ba, ban ji karo ba, kawai na ga agwagin robana na yaudara suna yawo a cikin jirgi, takalmina cike da ruwa mai sanyin ƙanƙara.

Abu biyu suka cece ni bayan ikon Allah. Wurin iya ƙugu ne, sannan a ƙarƙashin kujerun irin waɗannan jirage akwai soso mai hana nutsewa da kamfani ke cusawa. Jirgin Baba ba shi da soso, kuma tsakiyar Sabke ba iya ƙugu ba ce.

Abin da na gane a tsaye cikin laka ran nan shi ne, mu dawakan inji muke ƙirgawa, ruwa kuwa kilo yake ƙirgawa, da kuma inda aka ajiye kilon. Yamaha mai doki 15, irin wanda aka saba gani a kogunanmu, bai kai kilo 40 ba. Mai doki 40 ya haura kilo 70, wato buhun siminti ɗaya da rabi. Kuma ba a tsakiyar jirgi zai zauna ba, a can ƙarshe zai rataya, rabinsa a waje, kamar a ɗora wa jaki kaya a kan wutsiya. Ƙara da jarkar mai ta lita 25, wajen kilo 19, ƙara da direba. Kwale-kwalenmu kuma yawanci bayansa tsukakke ne, ba shi da faɗin da zai tallafi wannan lodi.

Ni mai walda ne, don haka ban saduda nan take ba. Na ƙera akwatuna biyu na alminiyom, rufaffu ruf, na liƙa su a bayan jirgi hagu da dama, tunda kowace lita ta iska da ta nutse cikin ruwa tana ɗaga kilo ɗaya. Na ƙara wa allon baya kauri, na sa masa tokara daga ciki, na mayar da tanki da batir gaba, na ƙara wa hannun inji tsawo don in riƙa zama a tsakiya. Jirgi ya gyaru, ba laifi. Amma da na zauna da biro, kuɗin gyaran ya kusa kamo kuɗin injin, ban da ladan hannuna, kuma ɗan allon nan bai fasa cewa 15 ba. Da bazara na sayar da injin na sayi mai doki 15. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

To ƙanena, da duk mai irin niyyarsa, ga gwajin da ba ya cin ko sisi. Kafin ka biya kuɗin inji, tambayi nauyinsa, ka auna yashi daidai da shi a buhu, ka ɗora a ƙarshen jirgi inda injin zai zauna. Ka ɗora jarkar mai, ka hau ka zauna, abokin aikinka ya hau da koma da taru, jiƙaƙƙu ba busassu ba. A bakin gaɓa za a yi, inda ruwa bai wuce gwiwa ba. Sai wani ya duba abin da ya rage tsakanin ruwa da leɓen jirgi. In bai kai kamu ɗaya ba, ni dai ba zan sa ɗana a ciki ba.

Sannan a duba katakon. Ka ɗauki sukundireba ka soka a allon baya, musamman ta ƙasa inda ruwa ke kwana. In ya shige kamar cikin dafaffiyar kabewa, magana ta ƙare, kafinta za a nema kafin bakanike. Ƙusa ba ta riƙe inji, girgiza ce ke zare ta a hankali, sai noti mai ratsa katako da faffaɗan wosha, da tokara a kusurwa biyu. A kuma ɗaure injin da sarƙa ko igiya mai ƙwari, don maƙallansa kan kwance. Ƙafar inji ma iri biyu ce da aka fi sani, gajera mai inci 15 da doguwa mai inci 20. Akwai wani ɗan faranti a saman farfela, shi ake so ya yi daidai da ƙasan jirgi. In ya yi sama farfela iska za ta riƙa sha, in ya yi ƙasa sosai sai jan ruwa da haƙar laka. 'Yan kasuwa ba sa faɗa maka wannan, wanda ke hannunsu shi ne daidai da jirginka.

Ga kuma mai. Irin injinan da ake gauraya wa baƙin mai, in an murɗe su ƙarshe, mai doki 15 kan sha wajen lita 7 a awa, mai doki 40 kuwa tsakanin 15 da 20. Kun fi ni sanin yadda lita ta koma tun da aka cire tallafi a 2023. Tarwaɗa da karfasa nawa za a kama kafin a biya wannan? Kuma dam ɗin gaba ɗayansa nawa yake, da za a ce sai an yi gudu?

Abin da na fi so ku duba shi ne wata dabara da mutanen Tailan suka shahara da ita, mafarautan nan ma suna ji da ita. Har akwai kamfanin Go-Devil a nan Batan Ruj da ke ƙera irinta tun ƙarshen shekarun 1970. Inji ne na tudu, a ɗora shi kan maƙalli mai juyawa, a jona masa dogon bututu mai sandar ƙarfe a ciki, farfela a can ƙarshe. Yana ratsa ciyawa da bado da ruwan da bai kai gwiwa ba, ba ruwansa da toshewa tunda iska ke sanyaya shi. Injin kuwa kun san shi sarai, shi ne na ban ruwa da na markaɗe, samfurin Honda GX200 da 'yan kwaikwayonsa, doki shida da rabi, nauyinsa wajen kilo 16. Duk bakaniken da ke bakin kasuwar Mai'aduwa zai kwance shi ya mayar ido rufe, kayan gyaransa kuma ba sai an je Legas ba. Ba zai yi tsere ba, kuma farfelarsa a fili take, sai an yi hattara da ƙafar yara da bakin taru. Amma zai kai mutum wurin komarsa ya dawo da shi kafin kifi ya canza wari.

Na san in babban inji ya samu, ranar kasuwa da ranar sallah ba kifi za a ɗauka ba, mutane za a loda don a fanshe kuɗin mai. Ba mu manta da ɗaliban Islamiyyar da suka rasu a haɗarin jirgin ruwa a Bagwai a ƙarshen 2021 ba, balle yaranmu na Mai'aduwa da ƙaramar sallar 2022. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri.

Ƙanena, kuɗin suna nan, ban hana ka ba. Ka auno mini tsawon jirgin Baba da faɗin bayansa, ka ɗauko hotonsa da buhunan yashi a kai, kai ma kana zaune a ciki. Rigunan ruwa huɗu na riga na saya, suna zuwa ta hannun wani ɗan garinmu da zai zo Sallar Gani. Ɗaya ƙarama ce, ta ɗanka ce, kada in ji an ba wani aro. Ka gaida Inna, ka ce mata yajin da ta aiko ya kusa ƙarewa.

Naku,
ɗan Daura mazaunin Luwiziyana