Wasiƙa Daga Kalifoniya: Idan Narkewar Ƙanƙara Ta Tare Hanya

Assalamu alaikum 'yan'uwa na Kaduna,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, wannan wasiƙa ta masu sha'awar tafiyar ƙafa a duwatsu ce, musamman matasan da suka saba hawa Kufena ko duwatsun Kagoro, kuma karatu ko aiki zai kawo su Amurka. Da yawa kan iso da burin bin hanyar John Muir, mai tsawon kusan kilomita 340 a tsaunukan Sierra Nevada. Sai su sa rana a watan Yuni, a zatonsu sanyi ya wuce.

A birni ya wuce. A saman tsauni kuwa lokacin ne dusar ƙanƙarar da ta taru tun hunturu take narkewa, kuma ruwan ne abin tsoro fiye da ƙanƙarar. Kun san yadda Kogin Kaduna ke kawowa a Agusta ko da ba a yi ruwa a gari ba, saboda wanda ya sauka can wajen Jos. To haka abin yake, sai dai nan rana ce ke aiko da shi. Ƙoramar da yaro zai tsallaka a Satumba takan kai wa babba ƙugu a Yuni. A 2017, shekarar da ƙanƙara ta yi yawa, ruwa ya ci matafiya biyu a waɗannan tsaunuka.

A gida ake zaɓen hanyar canji, wato wadda za a bi in ruwa ko ƙanƙara sun tare ta farko, a kan taswira, tun ba a ɗauki jaka ba. Fara da tsayin wuri. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi kan ragu da kusan digiri 6, don haka ƙanƙara na iya rufe mashigar Forester, inda hanyar ke ƙetare tsauni a tsayin mita 4,009, alhali kwarin ƙasa ya bushe ƙayau. Hotunan tauraron ɗan'adam na Sentinel-2 suna sabuntuwa kusan duk kwana biyar, kuma a kansu za ka ga inda farin ya tsaya. Sai fuskar dutse: gefen da ke kallon kudu shi ke shan rana, shi ke fara narkewa, na arewa kuwa yakan riƙe ƙanƙara har makonni bayan haka. Hanya biyu masu tsayi ɗaya, ɗaya a buɗe ɗaya a rufe, galibi dalilin ke nan.

Daga nan ka ɗauki biro ka yi alama a duk inda hanya ta ratsa ruwa, ka ware masu gada da marasa gada. Gadar ma a tabbatar tana nan. A 2023 nauyin ƙanƙara ya lanƙwasa gadar da ke kan reshen kudu na kogin San Joaquin, matafiya da dama suka riƙa fita ta mashigar Bishop su koma ta Piute don su kauce mata. Irin wannan labari a bakin ma'aikatan gandun daji yake, kuma kiran waya ɗaya ya isa. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, kuma tana sa awon ruwan koguna a intanet, ka duba na kwana bakwai ka ga ko yana hawa ne ko yana janyewa.

Idan ka isa bakin ruwa ya fi ƙarfinka, abu na farko shi ne agogo. Narkewar tana tsananta da rana, don haka ƙoramar da ke kusa da ƙanƙara takan cika daga la'asar zuwa dare, ta sauka da sassafe. Kafa ƙaramin tsinke a gefen ruwan, ka kwana, ka duba shi bayan sallar asuba. Sau da yawa za ka tarar ruwan ya ja baya sosai. In bai ja ba, bi gaɓa ka yi sama. Kowane reshe ka wuce, ruwan ya ragu da nasa kason. Nemi inda ya baje ya yi faɗi, ko ya rabu gida biyu ko uku. A rafin Evolution, alal misali, akwai sananniyar maƙetara a cikin fadamar da ke sama da ta ainihi, inda ruwan ya fi natsuwa. Wuri matsattse yana ruɗin ido don ya yi kusa, amma nan ne ƙarfin ya taru.

Kafin ka sa ƙafa, dubi ɓangaren da ruwan ke gangarawa. In akwai gungumen itace a kwance cikin ruwa ko gangare mai zubowa, bar wurin, domin wanda ya zame can zai maƙale. Kwance maɗaurin jaka na ƙugu da na ƙirji, ka bar takalminka a ƙafa, ka fuskanci inda ruwan ke fitowa, ka dogara da sanda kana ja da gefe taki ɗaya ɗaya. Kada ka ɗaura igiya a jiki. In ka faɗi ita za ta danne ka a ƙarƙashin ruwa. Ruwa mai gudu da ya haura gwiwa, a juya kawai. Haka nan ƙanƙarar da ta yi rumfa a kan rafi, sama lafiya lau, ƙasa kuwa ruwa ya rarake ta.

Canjin hanya yana cin guzuri. Da hantsi ya ɗaga ƙanƙara ta yi laushi, ƙafa kan burma har cinya, tafiyar awa ɗaya ta koma biyu. Ƙara abincin kwana ɗaya ko biyu, kusan giram 800 na busasshe kowace rana, ka kuma sauke taswira a waya tare da ta takarda, don babu sabis a can. Takardar izinin shiga daji tana ɗauke da ranar shiga da ƙofar shiga, in ka sauya ƙofa sai ka nemi wata. Wanda ka bari a gida shi ma ya san duka hanyoyin biyu da ranar dawowarka.

In shekarar ta zo da ƙanƙara mai yawa, a ɗage tafiyar zuwa Agusta, ko a gangara bakin teku. Hanyar Lost Coast a arewacin jihar kusan kilomita 40 ce ba ƙanƙara, sai dai akwai wuraren da teku ke shanyewa idan ya cika, don haka a tafi da jadawalin cika da janyewarsa.

A gaida mutanen gida. Wassalam.